Shin yajin aiki na hana sallamar malamai idan asusun jami'a ya bushe? Batun UCU a Birtaniya

Abu Yusuf:
Assalamu alaikum. Ga matsayina, mai ja ya zo da hujja: yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'o'in Birtaniya, UCU, ke yi kan rage ma'aikata ba ya ceton aikin kowa, domin kuɗin ne babu. Kuɗin makarantar ɗan ƙasa a Ingila fam 9,000 ne a 2012, ya koma 9,250 a 2017, ya tsaya cik har 2025 da aka ɗaga shi zuwa 9,535. Duk tsawon shekarun nan albashi da wuta da gyaran gine-gine suna ta hawa. Abin da ya rufa wa jami'o'i asiri shi ne ɗaliban waje masu biyan kuɗi mai tsoka. Sai gwamnati ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, ga naira ta faɗi warwas bayan an sake ta a Yunin 2023, ɗaliban Najeriya suka ja baya. A Afrilun 2025 kuma harajin inshorar ƙasa da mai ɗaukar aiki ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15. Hukumar da ke sa ido kan jami'o'in Ingila, OfS, ta ce a Mayun 2025 kashi 43 cikin ɗari na cibiyoyin suna hasashen giɓi. To a gaya mini, idan malami ya ajiye alli, ta ina fam ɗaya zai shigo?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Malam, lissafinka daidai ne, hukuncin da ka ɗora a kai ne bai zauna ba. Ɗauki jami'ar Cardiff da ke Wales. A Janairun 2025 shugabannin jami'ar suka ce za su rage guraben malamai 400, su rufe sashen jinya da kiɗa da harsunan zamani da tsohon tarihi da nazarin addini. Reshen UCU ya kaɗa ƙuri'a, ya samu izinin yajin aiki da na ƙin duba jarrabawa. Kafin lokacin jarrabawa ya kama, jami'ar ta amince ba za ta yi wa kowa sallamar dole a shekarar ba, ƙungiya ta janye. Jinya da kiɗa da harsuna sun tsira, ko da an rage musu girma. Giɓin bai gushe ba, amma abin da aka ce ba makawa sai ga shi da makawa.

Abu Yusuf:
Hajiya, mutanen ai sun tafi. An canza wa abin suna ne kawai, daga sallamar dole zuwa ajiye aiki don raɗin kai, wasu guraben kuma aka ƙi cike su. Wanda ya rage shi zai ɗauki darussan mutum biyu. Tsohon tarihi da nazarin addini kuma ba su tsira ba.

Barista:
A nan zan shigo, domin ba canjin suna ba ne kawai. Wanda aka yi wa sallamar dole, abin da doka ta tilasta a ba shi ɗan kaɗan ne. Sai ya yi shekara 2 a aiki kafin ya cancanta. Ana ba shi albashin mako ɗaya kan kowace shekarar da ya yi yana ɗan shekara 22 zuwa 40, mako ɗaya da rabi kan kowace shekara daga 41, ba a ƙirga fiye da shekara 20, albashin makon kuma an yi masa iyaka, fam 719 daga Afrilun 2025. A ma'aunin 2025, ko farfesan da ya tsufa a aiki ba zai wuce fam 21,570 ba. A tsarin raɗin kai ana ciniki ne, yawanci a kan albashin watanni, mutum kuma yana iya cewa a'a.

Sannan dokar 1992 ta ce idan za a sallami mutum 20 ko fiye a wuri ɗaya cikin kwana 90, dole a zauna da ƙungiya aƙalla kwana 30 kafin sallamar farko, idan sun kai 100 kuma kwana 45. Dole a ba ƙungiya a rubuce dalilin ragewar, adadin mutane, yadda za a zaɓe su, da yadda za a lissafa kuɗinsu. Zaman kuma ba na jin sanarwa ba ne, doka ta ce a tattauna yadda za a kauce wa sallamar ko a rage ta. Jami'ar da ta yanke hukunci tun kafin zama, kotun ma'aikata na iya cin ta tara kan kowane mutum. Reshen da ya san aikinsa a kwanakin nan yake yin rabin yaƙinsa, ƙuri'ar yajin aiki ita ce sandar da ke sa a saurare shi.

Ɗan Zazzau:
Ni ina ganin matsalarsu rashin juriya ce. ASUU ta yi wata 8 a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. TETFund da ke gina ɗakunan karatu a jami'o'inmu daga gwagwarmayar ASUU ta 1992 ya samo asali. Su kuwa kwana 3 yau, kwana 5 gobe. Wa zai ji tsoron wannan?

Barista:
Ɗan'uwa, gonar ba ɗaya ba ce. ASUU da gwamnati take ja, mai biyan albashin jami'o'in tarayya duka. A Birtaniya kowace jami'a ita ce mai ɗaukar ma'aikatanta, da asusunta da bashinta, don haka rikicin sallama reshe-reshe ake yin sa. Ga kuma dokokin da aka yi duk waɗannan rigingimu a ƙarƙashinsu, musamman ta 2016. A lokacin, ƙuri'ar yajin aiki ta gidan waya ce, dole rabin mambobi su kaɗa, a ba da sanarwar kwana 14, izinin kuma ya mutu bayan wata 6. A Nuwamban 2023 UCU ta faɗi ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya, ba don mambobi sun ce a'a ba, sai don waɗanda suka mayar da takarda ba su kai rabi ba. Kada kuma mu manta yadda ta ƙare a 2022 a gida: kotun ma'aikata ce ta umarci a koma aji, aka riƙe albashin watanni.

Mai Lissafi:
Ku ba ni dama in yi magana kan kuɗin, domin ɓangarorin biyu kan yi kuskure a wuri guda. Ƙungiya takan buɗe rahoton shekara ta ga an rubuta ajiya ta miliyoyin fam, ta ce ga kuɗi nan. Mafi yawan wannan adadi ƙimar gine-gine ce da filaye, wani kuma kyauta ce da mai bayarwa ya ɗaure da sharaɗi. Ba a biyan albashi da bulo. Su kuma shugabanni sukan nuna giɓi ba tare da sun ce nawa ne daga ciki lalacewar kadara ce a takarda, nawa ne kuɗin sallamar da su da kansu suka ƙirƙiro.

Abu uku ya kamata wakilin ƙungiya ya nema. Na farko, tsabar kuɗin da ke hannu zai ɗauki jami'a kwana nawa. A Ingila idan ana ganin zai gaza kwana 30 dole a sanar da OfS. Na biyu, sharuɗɗan bashin banki, domin sau da yawa ba giɓi ne ke kora shugabanni ba, tsoron karya sharaɗin ne, wanda zai ba banki damar neman kuɗinsa ko ƙara ruwa. Na uku, hasashen adadin ɗalibai da aka gina kasafi a kai. A nan ɓarna take. An ci bashi an yi gini bisa tunanin ɗaliban waje za su yi ta ƙaruwa har abada.

Jami'ar Dundee da ke Skotland ce misali. A Nuwamban 2024 aka bayyana giɓin kusan fam miliyan 30, shugaban jami'ar Iain Gillespie ya sauka a Disamba, a Maris aka ce guraben aiki 632 za su tafi. Binciken Farfesa Pamela Gillies da ya fito a Yunin 2025 ya ɗora laifin a kan rashin kula da kuɗi da gazawar shugabanci, ya nuna an ga alamun hadari ba a ɗauki mataki ba. Wato "babu kuɗi" gaskiya ce, amma ba ruwan sama ba ne, hannun mutane ne.

Abu Yusuf:
Madalla, ka taimake ni. Abin da ya ceci Dundee kuɗin gwamnatin Skotland ne, fam miliyan 22 da farko, aka ƙara miliyan 40. Ba yajin aiki ba.

Maman Hanifa:
Me ya motsa gwamnatin? Ma'aikata sun yi mako 3 suna yajin aiki daga ƙarshen Fabrairu, maganar ta cika majalisar Skotland, shirin 632 ya koma kusan 300 ta hanyar raɗin kai. Ba na cewa ƙungiya kaɗai ta yi, amma ɗan da bai yi kuka ba ba a ba shi nono. Ka tuna fansho ma. A 2018 an ce USS, tsarin fanshon malaman jami'a, ba zai ɗore ba, malamai suka yi kwana 14 suna yajin aiki. A 2022 aka zaftare haƙƙoƙi duk da haka. Ƙididdigar 2023 ta nuna rarar fam biliyan 7.4, aka mayar da abin da aka zaftare a Afrilun 2024, gudummawar ma'aikaci ta sauka daga kashi 9.8 zuwa 6.1, ta jami'a daga 21.6 zuwa 14.5.

Mai Lissafi:
Hajiya, a yi adalci: hawan kuɗin ruwa a kasuwa ne ya juya giɓin USS ya zama rara. Abin da ƙungiya ta yi shi ne riƙe ƙofar, ta sa rarar ta koma ga mambobi. Kuma wannan sauƙi tsofaffin jami'o'i ne suka same shi. Waɗanda suka zama jami'a bayan 1992 suna cikin fanshon malaman makaranta, inda kason jami'a ya hau daga kashi 23.68 zuwa 28.68 na albashi a Afrilun 2024. Shi ya sa wasunsu ke buɗe kamfani na gefe su ɗauki sababbin malamai ta can, a kan fansho mai arha.

Dakta Uwani:
Duk kun tsaya kan mutum nawa, ba wanda ya tambayi su wa. Alƙawarin "ba sallamar dole" yana kare mai aikin dindindin ne. Kusan ɗaya cikin uku na malaman Birtaniya kwantiragi mai wa'adi gare su, a cikin masu bincike zalla ma sun fi rabi. Tun 2013, kwantiragin da ya kai wa'adinsa ba a ƙirga shi cikin mutum 20 ɗin da Barista ya ambata. Mai koyarwa da ake biya awa-awa kuwa ba a ma sallamarsa, darasi ne kawai ba za a ba shi ba a zango mai zuwa. Mata da baƙaƙen fata da baƙi sun fi yawa a wannan ƙasan tsani, a samansa kuwa baƙaƙen farfesoshi kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari. Reshe zai iya shelar nasara alhali waɗannan sun ɓace ba a rubuta sunansu ko'ina ba.

Sai ma'aunin zaɓe. Idan aka ce za a duba yawan maƙalu da kuɗin bincike na shekara 3, macen da ta yi hutun haihuwa da mai aikin rabin lokaci da mai lalura sun faɗi tun kafin a fara. Dokar daidaito ta 2010 ta hana irin wannan wariya ta bayan fage, ta kuma ɗora wa jami'a nauyin duba wa matakinta zai fi shafa. Inda ake yin wasa shi ne a rubuta wannan nazari bayan an gama yanke hukunci. Ƙungiya ta nemi a ba ta shi tun ranar farko, da alƙaluman jinsi da launin fata da nau'in kwantiragi na duk waɗanda ke cikin hadari, ta kuma nemi a daidaita maki gwargwadon watannin da mutum ya yi yana aiki. Daga Afrilun 2024, mai ciki da mai jego har wata 18 bayan haihuwa ita ke da fifiko kan duk gurbin da ya dace da ita. Da yawa ba su san da wannan ba.

Barista:
Dakta ta taɓo inda ya shafi namu kai tsaye. Malamin da ke kan bizar aiki, idan aikinsa ya ƙare, jami'a za ta sanar da ma'aikatar cikin gida cikin kwana 10 na aiki, a saba kuma a rage masa biza zuwa kwana 60, shi da iyalinsa. Raɗin kai ko dole, duk ɗaya ne a wurin biza. Idan saura masa wata 4 ya cika shekarun da ake buƙata ya nemi zaman dindindin, ranar barin aiki ta fi masa kuɗin sallama muhimmanci. Ko tayin rage awanni don a ceci guraben aiki na iya jefa albashinsa ƙasa da ma'aunin biza.

Abu Yusuf:
Na karɓi gyara a kan abu ɗaya: barazanar yajin aiki tana sauya yadda ake tafiya da farashin tafiyar. Amma ban ga ta sauya adadin kujerun ba, kuma tana da tsada. A ƙin duba jarrabawa na 2023, daga Afrilu zuwa Satumba, wasu jami'o'i sun yanke rabin albashi, wasu duka, ɗalibai suka gama ba sakamako, aka janye ba a samu ƙarin albashi ba. Muddin kuɗin ɗan ƙasa bai biya kuɗin koyar da shi ba, hukumomin bincike kuma kashi 80 kawai suke biya na kuɗin aikin, rigimar da gwamnati ce, ba da shugaban jami'a ba.

Dakta Uwani:
Da gwamnati ce, Malam, amma takardar sallama daga ofishin jami'a take fitowa, kuma wa'adin zama da ƙungiya kwana 45 ne. Abin da zan so in gani a kowace yarjejeniya, ban da hana sallamar dole: a rubuta adadin masu kwantiragin wa'adi a ranar sa hannu, a sake ƙirga su bayan shekara, a ba su damar neman guraben cikin gida kafin a tallata, a bar mai biza ya zaɓi ranar barin aiki, duk darasin da mai shi ya tafi kuma a faɗi wa zai ɗauka, awa nawa aka cire masa daga wani wuri.

Maman Hanifa:
A ƙara da masu shara da gadi da ɗakin karatu da ofis. Mafi yawansu ba UCU suke ba, suna cikin wasu ƙungiyoyin ƙwadago, Unison da Unite da GMB. Idan reshen malamai ya sasanta shi kaɗai, wuƙar kansu take komawa. A zauna teburi ɗaya, a sa hannu rana ɗaya.