An sa ni kwamitin zaɓen kwansaltan na aikin shara, ku ba ni shawara

Sakataren Kasuwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ciyaman ɗin yankinmu a nan Legas ya tara shugabannin kasuwa da na unguwa, ya ce sun ware kuɗi don aikin tsaftar muhalli da horar da mutane, kuma za su ɗauko kamfanin ƙwararru, wato kwansaltan, ya tsara musu. An jefa sunana cikin kwamitin da zai duba takardun kamfanoni uku. Ni kuwa tumatir da attaruhu na sani. Me ake dubawa? In akwai wanda kuka taɓa aiki da shi kuka ji daɗi, ku faɗa mini.

Mai Albasa: Wa alaikumus salam. Sakatare an zama manya, a riƙa tunawa da mu.

Hajiya Mai Abinci: Malam Sakatare, kafin masu ilimi su zo bari in faɗi nawa. An taɓa kai mu irin wannan bita a wani otal, kwana biyu. Sanyin na'ura, shinkafa da kaza, jaka da biro, aka ba mu satifiket da kuɗin mota. Turanci aka yi daga farko har ƙarshe, rabinmu gyangyaɗi muke. Da muka koma rumfa, lambatun da ke bayana yana nan a toshe yadda na bar shi. Duk kamfanin da ka ga rabin kuɗinsa na otal ne da abinci, ka ajiye takardarsa gefe.

Injiniya: Hajiya ta riga ni. Sakatare, fara da takardu, don a nan ake saurin kama na bogi. Ka nemi lambar rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka sa yaro ya duba a intanet, kyauta ne. Sannan LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, tana tantance masu ba da shawara kan muhalli, ka ce su nuna shaidar bana, kada ka karɓi ta shekara uku da suka wuce. Idan aikin ya haɗa da gini babba, kamar wurin tara shara ko sarrafa ta, dokar 1992 ta nazarin tasirin ayyuka ga muhalli za ta iya hawa kansa, kuma wannan nazari sai wanda Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da shi. Amma takarda ba ta kwashe shara. Ka ce kowanne ya ba ka sunan kasuwa ko unguwa biyu da ya yi wa aiki, ku hau mota ku je ba tare da kun sanar da shi ba, ku tambayi masu shara da 'yan dako. Kada ku tsaya ofishin shugaban kasuwa, shi ba zai kushe abin da ya sa wa hannu ba.

Sakataren Kasuwa: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Ɗaya daga cikinsu ya kawo littafi mai kauri da hotuna masu launi, har ya burge mutanenmu.

Injiniya: Buɗe shi ka nemi sunan kasuwarku. Na taɓa ganin rahoton da aka manta ba a goge sunan wani gari ba a shafi na tsakiya.

Duba-gari Mai Ritaya: Salamu alaikum. Ɗana Sakatare, shekaruna na aiki a kan wannan na ƙare su, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja magana. Tambayar farko da za ka yi wa kowane kamfani ita ce: shara nawa kasuwarmu take fitarwa a rana, kuma wace iri ce? Wanda ya ba ka amsa nan take yana zaune a kujera, ƙarya yake. Na gaskiya zai ce a ba shi mako guda, ya zo da sikeli da safar hannu tun asuba lokacin da tireloli ke sauke kaya, ya ware ruɓaɓɓen tumatir da ganye gefe, leda da roba gefe, kwando da buhu gefe, ya auna kowanne. Kuma ya auna ranar da kaya suka yi yawa da ranar da kasuwa ta yi sanyi. Sharar kasuwar gwari galibinta mai ruɓewa ce, nauyinta ruwa ne. Ita ce take cika mota, ita ce take wari, ita ce kuke biyan kuɗi a kai ta jujin Olusosun a Ojota. In aka ware ta tun daga rumfa, taki ce, masu lambu suna so. In ta haɗu da leda da fasasshiyar kwalba, ta tashi daga aiki. To duk horon da za a yi, a kan wannan rabuwar zai tsaya, kuma masu shara da 'yan dako da yaran shago ne za su yi ta, ba masu babbar riga ba.

Na biyu, a san iyakar ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ba ta kasuwanni da mayanka da bahaya ta jama'a da zubar da shara, amma a Legas kwashe shara yana hannun LAWMA, hukumar kula da shara ta jiha, da 'yan PSP, wato kamfanonin kwasar shara masu zaman kansu da ta ba lasisi. Manyan magudanan ruwa na Ma'aikatar Muhalli da Albarkatun Ruwa ne, ƙananan lambatun cikin layi su ne na ƙaramar hukuma da mazauna. Kwansaltan da ya yi muku alkawarin yashe babban kanal da kuɗin kansul, bai san garin ba.

Mai Albasa: Baba ya yi magana. Mu da muka ga rufe kasuwar Mile 12 a Oktoban 2023 mun san zafin abin. Kaya na kan mota daga Arewa, ƙofa a garƙame, tumatir ba ya jiran a gama sulhu.

Malama: Game da horo, ba lallai sai kamfani mai zaman kansa ba. Jami'ar jihar Legas, LASU, da ke Ojo tana da cibiyar nazarin muhalli da ci gaba mai ɗorewa. Akwai kwalejin fasahar lafiya ta jiha a Yaba, inda ake horar da duba-gari. LAWMA ma tana da makarantarta ta wayar da kai kan shara. Ma'aikatan kansul kuwa akwai cibiyar horar da ma'aikatan gwamnati a Magodo. Ku rubuta musu ku ji me za su iya yi, ko ba komai kun sami abin gwada farashi. Sharaɗi ɗaya da zan so ka dage a kai, Malam Sakatare: a yi horon da Hausa da Yarbanci da Burokin, a cikin kasuwa. Safiyar Alhamis dama ba a buɗe rumfuna sai ƙarfe goma saboda tsaftar kasuwa, ga lokaci nan a ɓagas.

Hajiya Mai Abinci: Kuma a sa mata a ciki don Allah. Tun da aka hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024, sannan aka ƙara da cokalin roba da tsinken shan lemo da siririyar leda a Yulin 2025, babu wanda ya zaunar da mu ya nuna mana madadin da ba zai cinye riba ba. Sai dai ka ji ana cewa ga jami'ai nan.

Ɗan Gwangwan: Ranku ya daɗe, a bar ƙaramin cikinku ya sa baki. Duk wani tsari da aka yi ba da 'yan jari-bola ba, mu ne za a fara kora, alhali mu muke tsince ƙarfe da gorar ruwa da kwali kafin mota ta zo. Gwamnati ta haramta tura baron shara, mun sani. To a yi wa yaranmu rajista, a ba su riga da kati da wurin ajiye kaya. Akwai kamfanonin da ke karɓar roba su biya, irin Wecyclers, akwai kuma manhajar Pakam da ake kiran masu ɗauka. Ku tambayi kwansaltan ɗin wa zai sayi robar da aka tara, nawa kilo, wa zai biya kuɗin mota. In ya fara kame-kame, kun gane.

Duba-gari Mai Ritaya: Yaron nan ya fi wasu masu digiri.

Alhaji Ɗan Kwangila: Ni ta fannin kuɗi zan zo. Yallaɓai Sakatare, yankinku cikin ƙananan hukumomi 20 yake ko cikin LCDA 37, wato yankunan raya ƙasa da jiha ta ƙirƙiro? Ina tambaya ne don kason tarayya da sunan guda 20 ɗin yake fitowa, ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. Ka tabbatar aikin yana cikin kasafi a rubuce, ka san wanda zai sa hannu a biya. Sannan kada a biya gaba ɗaya. Kashi na farko bayan awon shara, na biyu bayan horo, na ƙarshe kuma a riƙe shi sai ruwan Yuni da Yuli ya sauka an ga ko lambatu ya ɗauka. Aikin da aka miƙa da rani kowa gwani ne.

Sakataren Kasuwa: LCDA ne, Alhaji. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Injiniya: Ka ƙara da cewa duk alƙaluman da suka tara da kayan koyarwa mallakar kansul da ƙungiyar kasuwa ne, a bar muku kwafi. Kuma su horar da mutum biyar ko shida daga cikinku waɗanda za su ci gaba bayan sun tafi.

Mai Albasa: Nawa ne alawus ɗin mutum shidan? Ina tambaya ne saboda wani abokina.

Malama: Mai Albasa, kai dai Allah ya shirye ka.

Sakataren Kasuwa: Na gode ƙwarai, na kwafe duka. Zaman kwamiti ranar Talata ne. Baba, in ba takura, zan so ka raka ni mu zagaya kasuwar ranar Litinin bayan sallar asuba, ka nuna mini inda zan kai su su auna. Ɗan Gwangwan, turo mini lambarka ta gefe.

Duba-gari Mai Ritaya: Allah ya kai mu. Ka tanadar mini takalmin roba, nawa ya yage. Lamba 43.