Neman shawara: ina son fara cika harsashin bindigar farauta da kaina

Mai tambaya, daga Minnesota: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan da na shiga wani kulob na harbin faifan laka da ake cillawa sama a nan. Duk Asabar sai na ƙarar da kwali huɗu, wato harsashi 100, da bindigata mai geji 12 (geji shi ne awon faɗin bututu), in kaka ta yi kuma mu fita farautar agwagwa. Kuɗin ya fara cizon aljihu. Wani dattijon Bature a kulob ɗin ya ga ina zuba kwanson harsashi a shara, ya ce dukiya nake zubarwa. Ya yi mini tayin tsohon injinsa na sake cika kwanso, MEC 600 Jr, zai haɗa mini da bokitin kwanso da rabin gwangwanin albarushi kyauta. In karɓa? Me kuma zan nema bayan injin? Kuma tsakani da Allah akwai rangwame a ciki? Gidan haya nake, ina da gareji da yara biyu ƙanana.

Dattijo daga Texas: Wa alaikumus salam ɗana. Injin ka saya, ba ya mutuwa, kamfanin yana nan a Wisconsin maƙwabtanku, kayan gyaransa ba sa wuya. Akwai wani injin, Lee Load-All II, mai araha, amma tunda ga MEC a hannu, ina ruwanka da shi. Rabin gwangwanin nan kuwa, ka yi masa godiya ka bar masa abinsa. Albarushin da aka buɗe, ba ka san ko an juye wani a ciki ba, ba abin kawowa gida ba ne. Idonka ba zai bambance maka iri da iri ba.

Kafin ka taɓa injin, sayi littafin Lyman na cika harsashin farauta, ka karance babukan farko. Sannan sikeli mai kyau. Injin da mudu yake awo, ba da nauyi ba, kuma abin da aka rubuta mudun zai zubo ba kullum yake zubowa daidai ba, sai ka auna ka gani. Ga tabarau na kare ido.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne wannan: sana'ar nan ba miya ba ce da za ka ce babu kuka bari in sa kuɓewa. Abu biyar ne a cikin harsashi: kwanso, firaima mai tayar da wuta, albarushi, kofin roba mai riƙe ƙwayoyi, da ƙwayoyin dalma. Kamfanonin albarushi irin Hodgdon da Alliant sun gwada kowane haɗi a ɗakin gwaji sun wallafa. Layin da ka zaɓa, haka za ka bi shi harafi da harafi. Firaima duk lamba 209 ake ce musu, duk za su shiga ramin, amma zafinsu ba ɗaya ba ne. Ka canza guda, ƙarfin da ke cikin bututu ya canza, kuma bututun bindigar farauta siriri ne, ba ya ba ka gargaɗi kafin ya yi abin da zai yi.

Ɗan'uwa daga Ohio: Baba ya gama magana. Ni dai bokitin nan nake so ka zauna ka tsince. Kwanson Winchester AA gefe, na Remington STS gefe, su ne masu jure maimaici. Sauran na araha da waɗanda bakinsu ya tsage, shara. Ni na taɓa jin jiki: ina cikin aiki waya ta yi ƙara, na dawo na ci gaba, ashe guda ɗaya ban zuba masa albarushi ba. A fili na ja kunama, sai na ji "fus" kamar an buɗe lemon kwalba, ƙwayoyin suka zubo nan gaban ƙafata. Allah Ya taimake ni na buɗe bindigar na leƙa, ga kofin roba ya maƙale a tsakiyar bututu. Da na sa wani na harba a kansa, da yanzu wani labarin ake yi. Tun daga ranar wayata ba ta shiga gareji.

Mai tambaya: Subhanallah. To batun rangwamen fa?

Ɗan'uwa daga Ohio: Gaskiya ɗaci gare ta. A geji 12 na harbin faifai, ribar ba ta taka kara ta karya ba, don shi ne mafi araha a kanti, dalma kuma ta yi tsada. Buhu mai nauyin fam 25 zai ba ka harsashi 400 in oza ɗaya kake sawa a kowanne (oza 16 ne fam ɗaya), wato Asabar huɗu a lissafinka. Ɗauki biro ka haɗa da kuɗin firaima da albarushi da kofuna, ka gwada da kwali 16 na kanti. Masu bindigogi masu ƙaramin bututu, geji 28 da .410, su ne ke cin moriya sosai, don harsashinsu ya fi tsada a kanti. Mu sauran don jin daɗi muke yi, da samun mai taushin duka a kafaɗa.

Na agwagwa kuma ka ci gaba da saye. Tun 1991 aka hana farautar tsuntsayen ruwa da dalma a duk Amurka. Ƙwayoyin ƙarfe haɗinsu daban, kofinsu daban, ba aikin ɗan koyo ba ne.

'Yar'uwa ma'aikaciyar jinya, daga Maryland: Malam, yaran nan biyu su suka tsaya mini a rai. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka tafi, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Ƙurar firaimar da aka riga aka harba ma akwai dalma a ciki. Kada yaro ya shiga wurin, kada ka ci ko ka sha a kan teburin, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki ɗa. Ƙwayoyin nan kuma in suka zube, gangarawa suke yi har ƙarƙashin ƙofa, mai rarrafe ya tsinta ya kai baki. Ka yi shawara da uwargida tukuna.

Wani daga New York: Ƙarin bayani kan doka. Wanda ya halatta ya mallaki harsashi, dokar tarayya ba ta neman lasisi a wurinsa don ya cika na kansa, amma sayarwa sai da lasisi. Mai bizar karatu ko ta ziyara an hana shi riƙe harsashi sai da wasu togaciya, kamar ingantaccen lasisin farauta, kuma firaima da albarushi su ma harsashi ne a idon doka. Duba yarjejeniyar hayarka da ƙa'idar kashe gobara ta garinku kan ajiya. Albarushi a gwangwaninsa na asali, wuri mai sanyi, nesa da firaima.

Wani daga Kano: Ni maharbi ne, gado na yi. Ku turo mini yadda ake auna albarushin mana, harsashi ya yi tsada a nan.

Dattijo daga Texas: A'a ɗan'uwa, a nan ba za mu yi haka ba. Maganar Amurka muke yi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta yarda mutum ya haɗa harsashi a gida ba, aikin irin su DICON ne, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Kaduna, kuma ka san halin da ake ciki, a kama ka da bokitin kwanso wa zai tsaya jin cewa gada kake nema? Sannan albarushin bindigar toka da ka sani daban yake da wanda muke magana. Awon wancan a wannan, bindiga ce za ta tashi a hannu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Uwargida ta karanta saƙon 'yar'uwarmu ta Maryland, ta ce sai an sa wa gareji kwaɗo. Littafin zan fara saye. Baturen kuma na roƙe shi in je gidansa ran Lahadi in zauna in ga yadda yake yi, ya ce in zo da kofi.