Ƙaramar salansa ta sa injina yana mutuwa a sama

Ɗan Karantina:
Assalamu alaikum. Injin O.S. 46AX ne a jikin ɗan jirgina na rimot. Salansar da ya zo da ita doguwa ce, ta leƙo ta gefe kamar hancin buta, shi ya sa na sayi ƙaramar nan samfurin Pitts mai ɓuya cikin murfin inji. Kyau kam ta yi. Amma ranar Juma'a bayan la'asar muka fita wajen Usfan, kusa da Jidda, a ƙasa inji lafiya lau, ina ɗaga hancin jirgin sama sai ya yi tari biyu ya ɗauke. Da ƙyar na sauko da shi, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Karo na biyu ke nan. Ga ƙara har ta fi ta da. Salansar ce ko hannuna ne?

Bakanon Misfala:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, salansar ce. Ka ga siririn tiyon da ya taso daga jikinta zuwa tanki? Ta nan hayaƙi ke danna mai ya tafi kafireta. Ita ta Pitts bakinta biyu, hayaƙin na ficewa a banza, matsi ya ragu, da jirgi ya miƙe sai mai ya kasa hawa. Toshe baki ɗaya. Ni da guntun katako na fara gwadawa, ya faɗo a sama, sai na koma wa ƙaramin noti da gam mai jure zafi. Ka ƙara buɗe allurar mai kaɗan, wato makunnin da ke daidaita yawan man da ke shiga kafireta. Kafin ka tashi, ba shi wuta duka, ka riƙe shi hanci sama kamar sakan 10. In muryarsa ta sauya, kada ka sake shi.

Mai Farfela:
Gaskiyar Alhaji Bakano ne, amma a duba zafi. Salansa a cikin murfi, ga ranar Jidda, ai girki ake yi. Ya kamata ramin fitar iska ta ƙasan murfi ya ninka na shiga aƙalla sau 2. Batun ƙara kuwa sai haƙuri, ƙaramin ciki ba ya haɗiye sauti. In 10x6 ce farfelarka, wato mai tsawon inci 10, sa 11x6 mai inci 11, juyi zai ragu, ƙarar ma ta ɗan sauka.

Ɗan Karantina:
Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, murfin ba shi da ramin ƙasa sam, fentin ma ya kumbura daidai salansar. Alhaji, wane bakin zan toshe, na gaba ko na baya?