Kalandula za ta yi a bokiti?

Mai haya, Tudun Wada:
Salamu alaikum. Ɗan filina bai wuce gindin taga ba. An ba ni irin furen kalandula, so nake in haɗa man kaushi da faso. Za ta yi a bokiti?

Hajiya, Kawo:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sosai ma. Ki huda gindin bokitin, ki gauraya ƙasa da busasshen takin akuya. Amma ki jira Nuwamba, sanyin hunturu take so, zafin Maris yana wahalar da ita. Cikin kwana 14 za ta tsiro. Ni a inuwa nake shanya furen, ya bushe ƙayau, in jiƙa shi a man zaitun sati 4, in tace.

Malam, Barnawa:
Ki fara gwadawa a bayan hannu, tana sa wasu ƙaiƙayi. Rauni mai zurfi kuwa sai asibiti.