Wa ta taɓa karyewa tana da ciki? Hannuna ya ƙi miƙewa

Uwar biyu, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu da suka wuce na faɗo daga moto kusa da babbar kasuwa, gwiwar hannuna ta karye, lokacin cikina wata huɗu. Aka sa min filasta sati shida, yanzu an cire amma hannun ya sandare a lanƙwashe, ko kallabi bana iya ɗaurawa sai 'yata ta taimaka min. Mijina cewa yake wai ai mai ciki jikinta a sake yake, zai warware da kansa. Don Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan ta yi magana.

Hajiya mai ɗinki, Kusseri: Sannu ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ni ƙafa ce, sau biyu kuma ƙafa ɗaya! Na farko ban da ciki, mai ɗori ya ɗaure min da karare kusan wata biyu, da aka kwance sai da na yi wata uku ina sallah a zaune. Na biyun ina da cikin auta, kuma gaskiya ta fi saurin sakewa, amma fa wancan karon kullum ina zuwa wajen kine, wato ma'aikacin asibiti mai motsa gaɓoɓi, yana lanƙwasa ta ina hawaye, to ban san wanne zan gode wa ba.

Baffa, Marwa: Mu masu shanu mun san wannan. Saniya in ta kusa haihuwa za ka ga gindin wutsiyarta ya lotsa, ka taɓa ka ji laushi kamar ba jijiya. Sai dai wannan ƙugu ne, ba hannu ba.

Ɗan makarantar likita, Njamena: Baffa abin da ka gani aikin wani sinadari ne, rilaksin, tun 1926 aka gano shi, shi ke sassauta jijiyoyin ƙugu. A 2002 masu bincike a Mayo Clinic ta Amurka sun ɗaure gwiwar ɓeraye masu ciki da marasa ciki sati biyu, na masu cikin ta ɗan fi sakewa amma bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. A 2019 kuma wasu a Boston suka yi wa ɓeraye allurar rilaksin a cikin gaɓar kafaɗa da ta sandare, motsi ya dawo, amma allurar da aka yi ta jijiyar jini ba ta yi aiki ba. Duk a ɓera ne fa Yaya, kuma gwiwar hannu tana daga cikin gaɓoɓin da suka fi saurin riƙewa, in aka bar ta watanni wani lokacin sai tiyata.

Uwar biyu, Garwa: Na karanta wa mijina, ya yi dariya yace wato ɓera ma bai tsira ba. Hajiya kinen nan, da ciki ma yana taɓa mutum?

Hajiya mai ɗinki, Kusseri: Sosai ma, ki dai faɗa masa watannin cikin tun a bakin ƙofa. Ki ci abinci kafin ki je, ni ranar farko jiri ya kwashe ni.