Neman kalmar Hausa: daibasiti da inkulushan a wurin aiki

'Yar Gwale: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Ranar Asabar zan yi wa shugabannin sashe na wata masana'anta a Sharaɗa bita, an ce lallai da Hausa za a yi, kuma na maƙale a kan daibasiti da inkulushan. Na farkon dai ɗaukar ma'aikata ne daga ko'ina, maza da mata, ƙabilu daban-daban, har masu buƙata ta musamman, na biyun kuma bayan an ɗauke su a riƙa jin ta bakinsu. Na rubuta "bambance-bambance" sai na ga kamar nuna bambanci zan koyar.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Na biyun ai "damawa da kowa" ne, kullum ana faɗa a rediyo. Na farkon ki sa "raba daidai".

Alhajin Kwari: A'a, raba daidai na gwamnati ne, shi ne sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 da hukumar da aka kafa masa a 1996, haka ma dokar naƙasassu da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wannan rabon kaso ne. Ɗan kasuwa kuwa ciniki yake nema. Ni a shagona akwai yaro Bazabarme mai jin Faransanci, 'yan Nijar da Chadi in sun shigo kasuwar Kwari wajensa suke nufa kai tsaye, sannan yarinyar da ke sayar mana ta WhatsApp ita ta ce min in daina saro wani zanen atamfa don mata sun gaji da shi, na yi wata biyu ina ƙin ji saboda ina ganin yarinya ce, kaya suka kwanta min. Ɗaukar ta daban, sauraron ta daban, wannan ki nuna musu Hajiya.

Malam na Dala: Ni abin da ke damuna, kullum sai mu jera jimla a inda Bature ya faɗi kalma ɗaya. A ce "kowanci", daga kowa, kamar shugabanci da zumunci, ta haɗe duka biyun. Kuma abin ba baƙo ba ne a Kano, a duba unguwanni irin su Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, tun zamanin Rumfa kasuwar Kurmi ke ci da baƙi.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, kowanci a kunnena kamar sunan yare, irin Kananci da Sakkwatanci.

Malam na Dala: Kun karɓi kwamfuta da intanet ba musu, amma kalma daga cikin gida sai a ce ba ta yi ba. Haka harshe yake mutuwa a hannun masu shi.

Ɗan Fagge: Ba raini ba ne Malam, wallahi. Amma wa zai tabbatar da ita? Sai dai a kai wa malaman Hausa na Jami'ar Bayero su duba, su ma in 'yan jarida ba su ɗauka ba a takarda za ta tsaya.

Alhajin Kwari: Jama'a baiwar Allah nan Asabar take jira, fomanoni za ta yi wa magana, abin da za su gane nan take ake so.

'Yar Gwale: Na gode ƙwarai. Zan sa "ma'aikata iri-iri da damawa da kowa". Alhaji zan ba da labarin atamfar nan in ka yarda.

Alhajin Kwari: Na yarda, ki ba su.

Malam na Dala: Iri-iri dai bai kwanta min ba 'yata, ya fi dacewa da kaya a kan mutane. Damawa da kowa kam ba laifi. Ki je da shi haka, amma ki ambaci kowanci ko sau ɗaya ne, ki dawo ki faɗa mana yadda suka karɓe ta.