Musayar waƙa kan injin girbi

Ɗan Kaka:
Da sunan Allah nake buɗe zaman nan,
Kan injin da ya canza girbin alkama.
In ta nuna ba ta jiran mai gona,
Kwana kaɗan ta kakkaɓe ta bi ƙasa.
A 1831, can Bajiniya ta Amurka,
Cyrus McCormick ya ɗaura wa doki wuƙa.
Tana kai da komo tana yankan kara,
Wani na biye da manjagara a hannunsa,
Yana jawo zangarniya gefe a ɗaura.

Uwar Rumbu:
Yaya, baitinka ya yi, amma da saura,
Ka ba mutum guda yabon jama'a.
Patrick Bell na Sikotlan ya riga shi,
Tun 1828 nasa ke aiki a gona,
Bai ma yi rajistar mallaka ba.
Obed Hussey na Amurka ya yi tasa rajistar a 1833,
McCormick sai da shekara ta zagayo.
Ina Jo Anderson, bawan gidansu,
Da ya sha zafin maƙera tare da shi?
An buga sunan ubangida jikin ƙarfe,
Shi ko ba a rubuta nasa ba.

Baba Mai Lauje:
'Ya'yana, ku tuna da ɗan ƙodago.
A Ingila, 1830, lebura sun tashi,
Suka farfasa injinan bugun hatsi.
Don bugun nan shi ne tuwon hunturunsu,
Inji ya karɓe, yara na kukan yunwa.
An rataye wasu, an tura ɗaruruwa Ostareliya.
Wannan ma girbi ne, ku sa shi a lissafi.

Ɗan Kaka:
Baba, na rusuna, ba na musu da kai.
Sai dai yammacin Amurka daban take,
Fili har iya gani, hannuwa kaɗan.
Shi ya sa McCormick ya koma Cikago a 1847,
Ya kafa masana'anta, yana ba da bashi,
Manomi ya biya bayan an kai amfani gida.
Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861,
Maza sun tafi daga, gona ba ta kwanta ba,
Mata da yara suka hau kan inji.

Uwar Rumbu:
Daga baya John Appleby ya zo da ƙullin igiya,
Ɗaurin dami ma ya fita hannun mutum.
Yau inji guda ya yanka, ya buge, ya sheƙe,
Har fadamun shinkafarmu ya shigo haya.
Mai babbar gona ya gama kafin azahar,
Mai 'yar kadada na nan da laujensa.
Baba, matan da ke bin gona suna kala,
Me suke samu bayan inji ya wuce?
Ka ba mu baiti, muna saurare.